Jagorancin Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Maganin Shaye-shaye a Asibitin Unguwa

Mafi yawan mutanen da ke fama da ciwon damuwa ko larurar shaye-shaye ba su taɓa taka ƙafa a asibitin masu taɓin hankali ba, kuma da yawansu ba za su yarda su je ba ko da an ba su kuɗin mota, domin sunan wurin kaɗai ya isa ya ɓata wa budurwa aure ko ya zubar wa magidanci da mutunci a unguwa. Inda suke zuwa shi ne ƙaramin asibitin da ke kusa da gida, wanda a hukumance ake kira cibiyar lafiya ta al'umma, wato wurin da ake auna hawan jini, a yi awon ciki, a yi wa yara rigakafi, a ba da maganin zazzaɓi. Kukan da suke kaiwa can shi ne ciwon kai da ya ƙi jin magani, da rashin barci, da faɗuwar gaba, da zafin ƙirji, da kasala, waɗanda duk gaskiya ne a jikin mai su, amma tushensu yana wani wurin da ba a cika tambaya a kansa ba. Idan ma'aikacin da ke duba su bai san tambayar da zai yi ba, sai ya rubuta musu farasitamol da maganin ƙarin jini ya sallame su, bayan mako uku su dawo da kukan da suka zo da shi tun farko. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka shigar da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da maganin shaye-shaye cikin ayyukan irin waɗannan cibiyoyi, daga nan kuma aka samu wani muƙami na musamman, na mutumin da ake ɗora wa nauyin tafiyar da sashen, wanda aikinsa ya sha bamban da na likitan da ke zaune a ɗaki yana ganin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasar da wannan muƙami ya fi kafuwa a cikinta ita ce Amurka, ko da yake asalin tunanin daga Afirka ya fito. A shekarar 1940 wasu likitoci biyu, mata da miji, Sidney Kark da Emily Kark, suka fara aiki a wata cibiyar lafiya da ke Pholela, yankin karkara na Zulu a Afirka ta Kudu, inda suka haɗa jinyar marasa lafiya da zagayen gida-gida da ƙidayar cututtukan da ke damun jama'ar yankin. Wani ɗalibin likitanci Ba'amurke mai suna Jack Geiger ya je ya ga yadda ake yi, kuma a 1965 shi da abokin aikinsa Count Gibson suka buɗe irin wannan cibiya ta farko a Columbia Point, unguwar talakawa a birnin Boston, sannan ta biyu ta biyo baya a Mound Bayou, garin baƙar fata a jihar Misisipi, inda Geiger yakan rubuta wa yaran da yunwa ta kwantar abinci a takardar magani, a karɓo a kanti, cibiyar ta biya. A yau ƙungiyoyi kusan 1,400 ne ke gudanar da irin waɗannan cibiyoyi a Amurka, suna duba fiye da mutum miliyan 30 a shekara, bisa sharuɗɗa biyu da suka bambanta su da sauran asibitoci: ba a korar kowa don ba shi da kuɗi, ana caji ne gwargwadon samun mutum, sannan dole fiye da rabin 'yan kwamitin gudanarwa su fito daga cikin mutanen da ke zuwa cibiyar neman magani. Shugaban sashen ƙwaƙwalwa a irin wannan wuri yana aiki ne a ƙarƙashin kwamitin da masu karɓar kati suka fi yawa a cikinsa, wanda hikimarsa a fili take, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da farko lafiyar ƙwaƙwalwa ba ta cikin lissafin waɗannan cibiyoyi sosai, domin an yi mata nata tsari dabam. A 1955 akwai mutum fiye da dubu 550 a kulle a manyan asibitocin masu taɓin hankali na jihohin Amurka, kuma a 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar da ta yi nufin fito da su a riƙa kula da su a cikin garuruwansu. An kwashe mutanen daga asibitocin, amma cibiyoyin da aka ce za a gina musu ba a gina yawancinsu yadda aka tsara ba, waɗanda aka gina kuma ba su samu kuɗin da zai riƙe su ba, sai da yawa daga cikin waɗanda aka sallama suka ƙare a kan titi ko a gidan yari, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Abin da ya rage shi ne hukumomi uku da ba su ga maciji da juna: masu kula da ciwon jiki, da masu kula da ƙwaƙwalwa, da masu kula da shaye-shaye, kowanne da gininsa, da takardunsa, da hanyar samun kuɗinsa. Mutum guda mai ciwon sukari, wanda damuwa ta hana shi barci har ya koma shan giya don ya runtsa, sai a tura shi ƙofa uku, a ƙofar ƙwaƙwalwa a ce ya je ya daina sha tukuna, a ƙofar shaye-shaye a ce ya je a daidaita masa tunani tukuna. Aikin shugaban sashe a cibiyar unguwa ya samo asali ne daga wannan ɓaraka, kuma kusan duk abin da yake yi ƙoƙari ne na ganin mara lafiya bai ɓace a tsakanin ƙofa da ƙofa ba.

Matakin farko shi ne a mayar da tambaya ta zama al'ada, kamar yadda awon hawan jini ya zama al'ada. Takardar da aka fi amfani da ita wajen gano ciwon damuwa ita ce wadda ake kira PHQ-9, mai tambayoyi tara game da makonni biyun da suka wuce, kan barci da cin abinci da ƙarfin jiki da jin daɗin abubuwan da mutum ya saba so, kowace amsa da makinta, jimla daga 0 zuwa 27, kuma wanda ya kai 10 ko fiye ana ɗaukar yana buƙatar a zauna da shi a bincika. Akwai makamanciyarta ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambayoyi goma game da shan giya. Amfanin yi wa kowa tambayar shi ne babu wanda zai ji an ware shi an zarge shi, sai dai takardar ba ta warkar da kowa, kuma cibiyar da ta fara rarraba ta ba tare da ta shirya abin da za ta yi da amsoshin ba ta jawo wa kanta alhaki. Tambaya ta tara a PHQ-9 tana neman sanin ko mutum yana tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa, kuma kafin a miƙa takardar ga mutum na farko wajibi ne shugaba ya riga ya rubuta wanda za a kira idan aka amsa da e, da ɗakin da za a zaunar da mai amsar, da wanda zai zauna tare da shi, ko da ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a ne ma'aikata suna haramar tashi.

Bayan an gano, sai batun miƙawa. Ƙwarewa ta nuna cewa takardar turawa, wadda aka rubuta wa mutum ya je wani asibiti bayan makonni, sau da yawa a aljihu take ƙarewa. Saboda haka cibiyoyi irin su Cherokee Health Systems ta jihar Tennessee suka shahara da wata dabara mai sauƙi: a ajiye masanin halayyar ɗan Adam ko ƙwararren mai ba da shawara a cikin sashen duba marasa lafiya kansa, idan likita ya ga alama sai ya leƙa ya kira shi, ya gabatar da shi ga mara lafiya da bakinsa, su yi zaman minti goma sha biyar zuwa talatin nan take. Amanar da mara lafiya ya ba likitansa ita ce ke bin sabon ma'aikacin, kamar yadda baƙo kan samu karɓuwa idan maigida ne ya riƙo hannunsa ya shigo da shi. Wannan yana nufin shugaba ya yi gwagwarmayar da ba ta da wani armashi, ta neman ɗaki kusa da ɗakin likitoci, da barin gurbi a jadawalin ma'aikacin don kada a cika shi da alƙawura har ya rasa lokacin wanda ya zo ba zato.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne kundin bibiya. Tsarin ya fito ne daga Jami'ar Washinton da ke Seattle, daga aikin likitocin ƙwaƙwalwa Wayne Katon da Jürgen Unützer, kuma an gwada shi a wani babban bincike mai suna IMPACT da aka buga a 2002, wanda ya ƙunshi tsofaffi 1,801 masu ciwon damuwa a cibiyoyi 18 na jihohi biyar. An raba su kashi biyu, kashi ɗaya aka bar su da kulawar da aka saba, ɗaya kashin kuma aka haɗa su da mai bibiyar jinya, wato nas ko masanin halayya wanda ke riƙe da sunayensu a kundi guda, yana kiransu, yana sake auna makinsu, yana zama da likitan ƙwaƙwalwa sau ɗaya a mako su bi kundin suna tsayawa a kan duk wanda bai samu sauƙi ba. Bayan shekara guda, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka bibiya alamomin ciwonsu sun ragu da rabi ko fiye, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 19 ne kawai. Babu sabon maganin da aka ƙirƙiro a wannan gwaji, magungunan da ke kasuwa ne da shawarwarin da aka riga aka sani. Abin da ya canja shi ne an samu mutum guda da aikinsa ne ya lura idan wani bai dawo ba, kuma an daina barin mara lafiya wata shida a kan maganin da ba ya yi masa aiki. Likitan ƙwaƙwalwar ma ba ya ganin yawancin marasa lafiyan ido da ido, shawara yake bai wa masu ganinsu, ta haka awa ɗaya ko biyu na lokacinsa take amfanar mutum gommai. Daga nan ake gane shugaban da ya san aikinsa: idan aka tambaye shi mutum nawa sashensa ya gani a wata, kowane magatakarda zai iya ba da wannan amsa, amma shi ya kamata ya iya faɗin mutum nawa ne suka fara magani wata uku da suka wuce, nawa ne suka samu sauƙi, nawa suka ɓace, da abin da aka yi don nemo su.

Ɓangaren shaye-shaye ya fi wuya, domin a nan ne ilimin likitanci yake karo da abin da mutane suka ɗauka ɗabi'a ce kawai. Larurar da ake magana a kai ita ce yanayin da ƙwaƙwalwa ta saba da wani abu har mutum ya kasa barinsa duk da yana ganin yana rusa masa gida da aiki da lafiya. A Amurka abin da ya fi kisa shi ne dangin ofiyom, wato magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, da hiroyin, da fentanil wanda ya fi hiroyin ƙarfi kusan sau hamsin, kuma a 2021 da 2022 fiye da mutum dubu ɗari ne suka mutu kowace shekara sakamakon shan ƙwaya fiye da kima. Waɗannan ƙwayoyi suna kashewa ne ta hanyar rage numfashi har ya tsaya. Wanda ya saba da su, idan ya yanke, sai ya shiga ciwon jiki da gudawa da amai da gumi da rashin barci na kwanaki, kuma abin da iyalai da yawa ba su sani ba shi ne bayan an tsare mutum ya yi makonni bai sha ba, jikinsa yakan rasa juriyar da ya tara, ta yadda adadin da ya saba sha a da zai iya kashe shi a ranar da ya koma. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga gidan yari ko gidan gyaran hali suke cikin lokuta mafi haɗari a rayuwar mai wannan larura.

Akwai magunguna biyu da bincike ya tabbatar suna rage mutuwar masu wannan larura da kimanin rabi. Na farko metadon ne, wanda Vincent Dole da Marie Nyswander suka gwada a New York a tsakiyar shekarun 1960, amma dokar Amurka ta taƙaita bayar da shi don wannan larura ga wasu asibitoci na musamman. Na biyu bufrenofin ne, wanda aka amince da shi a 2002, kuma likitan unguwa zai iya rubuta shi. Dukansu suna zama a gurbin da ƙwayar ke kamawa a ƙwaƙwalwa, su kwantar da ƙishirwarta da ciwon yankewa, mutum ya iya tashi ya tafi aiki cikin hayyacinsa. An yi shekara ashirin likita yana buƙatar lasisi na musamman kafin ya rubuta bufrenofin, da farko ma mutum 30 kaɗai aka yarda ya duba, sai a ƙarshen 2022 aka soke wannan sharaɗi, kuma a 2023 aka yarda a sayar da nalokson, maganin da ake fesawa a hanci ya farfaɗo da wanda numfashinsa ke ɗaukewa, ba tare da takardar likita ba. Duk da haka soke lasisi bai sa likitoci sun yi rububin aikin ba, domin abin da ke hana su shi ne tsoron ɗawainiyar. A jihar Massachusetts an magance wannan ta hanyar ɗora yawancin ɗawainiyar a kan nas ta musamman a kowace cibiya, ita ke karɓar sabon mai zuwa, ta yi masa bayani, ta bi shi mako-mako, likita ya rubuta magani ya duba lokaci-lokaci.

Babbar jarrabawar shugaba takan zo ne daga cikin gida, daga ma'aikatansa. Wani zai ce an musanya ƙwaya da ƙwaya ne kawai, wata za ta ce tunda gwajin fitsari ya nuna mutumin ya koma sha, a sallame shi a ba wani gurbinsa. Amsar da aka dogara da ita ita ce babu wanda ke korar mai ciwon sukari daga asibiti don sukarinsa ya hau bayan biki, gyara masa magani ake yi a ƙara kusantarsa, kuma komawa sha wani ɓangare ne na yadda wannan ciwo yake tafiya. Gwajin fitsari kayan aikin likita ne, kuma ranar da ya zama tarkon kama mai laifi, ranar ce marasa lafiya za su fara kawo fitsarin ƙannensu. Wannan ba ya nufin babu doka, domin wanda ya yi barazana ga ma'aikaci ko aka kama shi yana sayar da maganinsa dole a ɗauki mataki, amma mataki na ƙara sa ido ne, kamar rage yawan maganin da ake ba shi a lokaci guda, kafin a kai ga rufe masa ƙofa. Har kalmomin da ake rubutawa a kati suna da tasiri, tunda ma'aikacin da ya karanta "ɗan ƙwaya ne" ya riga ya yanke hukunci kafin mutumin ya buɗe baki.

Sirri kuwa a asibitin unguwa ya fi na babban asibiti wuyar riƙewa, saboda mai ba da kati maƙwabcin wani ne, mai shara kuma surukar wani ce. Tun shekarun 1970 Amurka take da doka ta musamman da ta tsananta kare bayanan masu jinyar shaye-shaye fiye da na sauran marasa lafiya, don kada tsoron 'yan sanda ko rasa aiki ya hana mutane zuwa. Amma doka ba ta hana allon da aka rubuta sunan sashen ɓaro-ɓaro a ƙofa tona asirin duk wanda ya zauna a bencin gabanta, kuma ware rana guda a mako ga masu wannan larura yana sanar da duk unguwa abin da ya kawo su. Shugaba mai lura yakan haɗa layinsu da na kowa.

Batun kuɗi gajere ne amma mai ɗaci. Kiran waya don nemo wanda bai dawo ba, da zaman mako-mako a kan kundi, su ne ainihin abin da ke kawo sauƙi, kuma su ne ayyukan da masu biyan kuɗi suka daɗe ba su biya, har sai a 2017 shirin inshorar tsofaffi na gwamnati, Medicare, ya fara biyansu. Sashen da aka gina kacokan a kan tallafin shekara uku yakan mutu a shekara ta huɗu. Ma'aikata kuma suna gajiya, domin wanda ke sauraron labarin fyaɗe da duka da mutuwa kullum yana komawa gida da kaya a ka, kuma duk ma'aikacin da ya ajiye aiki yakan tafi da amanar mutum gommai da sai an sake ginawa daga tushe. Zaman duba aiki na kowane mako, inda ƙaramin ma'aikaci zai kawo matsalar da ta gagare shi ba tare da tsoron faɗa ba, shi ne abin da ake fara yankewa idan aiki ya yi yawa, kuma kuskure ne babba. Ga cibiyoyin karkara da ba su da ƙwararre kusa, akwai tsarin ECHO da Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar New Mexico a 2003 don ciwon hanta, inda ma'aikatan ƙauyuka ke haɗuwa da ƙwararru ta bidiyo su tattauna marasa lafiyansu, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan zancen masu hali ne, amma ginshiƙin tsarin, wato ƙwararre ya koyar ya sa ido, ƙaramin ma'aikaci ya yi jinya, ya fi dacewa da inda ƙwararru suka yi ƙaranci. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, ta fitar da littafin jagora a 2010, wanda ke koya wa ma'aikacin da ba likitan ƙwaƙwalwa ba yadda zai gane ya kuma yi maganin ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da larurar giya da ƙwaya. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitin unguwa su yi zama shida da mai damuwa, suna taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya-ɗaya, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna sun samu sauƙi ƙwarai fiye da waɗanda ba su zauna ba. Sunan da suke kiran ciwon da harshen Shona yana nufin yawan tunani, wanda shi ne kalmar da Bahaushe ma yake amfani da ita. Nijeriya kanta tana da tsohon tarihi a wannan fanni, domin tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya tare da danginsu a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, maimakon kulle su.

Buƙatar a arewacin Nijeriya ba ɓoyayya ba ce. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabata, miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su taramol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke. A 2018 ɗin ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani rahoton BBC. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma manyan asibitocin wannan fanni, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sun yi wa mutumin ƙauye nisa. Taramol da kodin dangin ofiyom ne, don haka abin da aka faɗa game da haɗarin komawa sha bayan tsarewa ya shafe su, ga kuma jijjiga da taramol ke haddasawa idan an sha da yawa. Mai shan diyazefam ko roci kullum, haka ma mai shan giya sosai, yanke musu farat ɗaya yana iya jawo jijjiga har da mutuwa, sai an riƙa ragewa a hankali a gaban ma'aikacin lafiya. Iyayen da ke ɗaure ɗansu a ɗaki da kyakkyawar niyya ba su san wannan ba, kuma sanar da su aikin cibiyar unguwa ne.

Inda asibiti bai kai ba, gidan mari ne ke cike gurbin. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da maza da yara fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa, kuma yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu. Rufe irin waɗannan gidaje wajibi ne, amma uwar da ɗanta ke sayar mata da tukwane don ya sayi ƙwaya tana nan da matsalarta washegari. Shugaban sashe a wannan yanki ba zai yi nasara ba idan ya ɗauki malamai masu ruƙiyya da masu maganin gargajiya abokan gaba, tunda wurinsu ake fara zuwa kuma za a ci gaba da zuwa. Wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa idan ma'aikatan cibiyoyin lafiya suka riƙa ziyartar masu taɓin hankalin da ke hannun masu maganin gargajiya da na addini, suna ba da magani da shawara, marasa lafiyan sun fi samun sauƙi. Sharaɗin haɗin kan dai shi ne babu sarƙa, babu duka, babu horo da yunwa, kuma liman da mai unguwa su ne suka fi dacewa su faɗi wannan a bainar jama'a.

Haɗin kai da horo duka suna rushewa idan kantin magani ya bushe. Ma'aikacin da aka horar kwana biyar, aka ba shi takardar shaida, ya dawo ya tarar babu amitriftilin ko haloferidol ko maganin farfaɗiya a cibiyarsa, kuma babu wanda ya sake leƙo shi, cikin 'yan watanni zai manta abin da ya koya, mara lafiyan da ya zo sau biyu aka ce masa babu kuwa ba zai zo na uku ba. Haka nan dole shugaba ya san iyakar cibiyarsa, ya riƙe lambar wayar wani takamaiman likita a babban asibiti, saboda mai jegon da hankalinta ya gushe, ko wanda ya riga ya yi yunƙurin kashe kansa, ba na bencin unguwa ba ne. Wannan na ƙarshe yana da ƙarin sarƙaƙiya, domin dokokin hukunta laifuka da Nijeriya ta gada daga Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna ɗaukar yunƙurin kashe kai laifi, abin da ke sa dangi su ɓoye, alhali Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin marasa lafiya da kula da su a cikin al'umma. Tun 1991 ma manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan cibiyoyin lafiya na matakin farko, wato rubutun ya girmi yawancin matasan da ke shan taramol a yau. Abin da ya rage ga hukumomin lafiya na jihohi da ƙananan hukumomi shi ne su naɗa a kowace ƙaramar hukuma mutum guda da za a san sunansa, a ba shi kundi da waya da kuɗin man babur da magani, sannan kowane wata uku kwamitin unguwa ya zaunar da shi ya tambaye shi mutum nawa ne suka dawo.